Takubban Malam Bukar

A daminar da ta wuce wani bawan Allah ya sauko daga motar Kano da wani dogon abu a naɗe cikin buhun taki. Ya tambayi mai shayi inda Habu mai takubba yake, aka nuno masa rumfar nan. Da ya kwance buhun sai na ga takobin ado ne irin wanda alhazai kan yo tsaraba, mai ƙotar tagulla da zane a jikin ruwansa. Ya ce na mahaifinsa ne, ya daɗe a rataye a ɗaki, sai ya ga tsatsa ta ɗan fito kusa da ƙota, shi ne ya sa samfefa ya goge. Tsatsar kam ta fita. Amma farin shafen da ke kan ƙarfen ya bi ta, rabin zanen ma ya tafi, aka bar wani fili baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Wasunku kuna zaune a kan bencin nan ranar, kuma na ji abin da kuka ce bayan mutumin ya tafi, wai goge ƙarfe da tsumma ma har sana'a ce. To ku gyara zama.

Takubban da ke zuwa hannuna ba na yaƙi ba ne, ko kaza ba su taɓa yankawa ba. Akwai na ado da ake ratayewa a bango, akwai na masu hoto da ango kan riƙe ranar biki, sannan akwai na 'yan wasan kwaikwayo da na fim, waɗanda yanzu masu sha'awa ke bi suna tarawa suna jerawa a falo. Kowanne da halinsa. Na sanholo, wato farin ƙarfen nan da ake zuba tukwane da shi, ba ya tsatsa, sai dai ya yi furfura kamar an barbaɗa masa gishiri, kuma in ka matsa masa da guduma tsagewa yake. Na baƙin ƙarfe mai shafe ba ya son komai mai kaushi, sai tsumma mai laushi da man keken ɗinki da haƙuri. Tagulla tana son jiƙaƙƙiyar tsamiya da tankaɗaɗɗiyar toka, amma in ka bar tsamiyar ta daɗe a kanta sai ta yi ja ta ɓata. Kube kuwa fata ce aka lulluɓa wa katako, kuma babu abin da ke kashe ta kamar man gyaɗa. Mutane sukan shafa da kyakkyawar niyya, sai ya daskare ya yi danƙo, ya kira kiyashi da ɓera.

Mu gidan maƙera ne tun kakanni, nan gabas da Minjibir. Mahaifina fartanya da lauje da garma yake ƙerawa, in damina ta faɗi kuma ya rufe maƙera mu tafi gona. Da na fara tasawa sai ya kai ni birni wurin amininsa, Malam Garba, wanda ya bar ƙirar kayan noma ya koma gyaran fitilu da akwatunan ƙarfe da takubban 'yan wasa. Aikin farko da ya ba ni shi ne wani kwando cike da tsofaffin ƙotoci, da kwanon toka, da tsumma. Damina ta wuce, rani ya shigo, ban taɓa magagari ba. In na gama goge ƙota na kai masa, ba ya cewa ta yi ko ba ta yi ba. Sai ya juya ta a rana, ya sa farce a cikin zanen, in toka ta fito ya mayar da ita kwando.

Ranar da ya fara koya mini aikin gaske, takubba biyu ya miƙo mini, ya ce in rufe ido in girgiza kowanne kusa da kunnena. Ɗaya shiru, ɗayan yana wani ɗan ƙas-ƙas a cikin ƙota. Ya kwance mai ƙarar ya nuna mini wutsiyar ƙarfen da ke shiga cikin ƙota, siririya kamar tsinken tsintsiya, an liƙa ta da walda. Ya ce irin wannan ne ke kashe mutum, domin ɗan wasa zai kai sara da ƙarfinsa, ƙota ta tsaya a hannunsa, ruwan ya tashi ya faɗa cikin 'yan kallo. Tun daga ranar duk takobin da ya shigo, kafin in dubi kyansa sai na saurari cikinsa. Doka ta biyu da ya kafa mini ita ce ta kaifi. Bakin takobi sai ya yi kauri kamar bakin kwano, tsininsa a dakushe. Ko mai shi zai yi rantsuwa cewa ado kawai yake so, ba a kai shi dutse.

"Takobin wasa ba a wasa shi," in ji Malam Garba. Bai ƙara a kan haka ba, ni ma ban taɓa karya masa ba.

Babban mai kawo mana aiki a lokacin shi ne Malam Bukar. Tela ne a birni, kakanninsa daga Barno suka zo fatauci suka zauna. Yana da ƙungiyar wasan kwaikwayo, shi ke tsara labaran, duk na yaƙe-yaƙen da, shi kuma ke ɗinka rigunan da kansa. In kaka ta yi, an kai amfanin gona gida, sai su ɗauki hayar akori-kura su bi garuruwa, yau Tofa, wani satin Minjibir, su kewaye filin makaranta da zana su yi wasa bayan la'asar. Takubban ƙungiyar duka a wurinmu aka yi su. Malam Garba ya zuba ruwansu da sanholo don kada a ji wa kowa ciwo, ni na fere katakon kube, wani baduku maƙwabcinmu ya ɗinka fatar.

Mutum ɗaya ne ya ƙi sanholo, shi ne Isa Dogo. Kafinta ne, ya ɗan girme ni, dogo mai faɗin kafaɗa, kuma kullum shi ake ba Sarkin Yaƙi. Ya ɗaga takobin da aka ba shi ya ce wannan ai ludayi ne, mutanen ƙauye manoma ne, sun san nauyin ƙarfe, daga yadda hannu ke tashi za su gane ƙarya. Aka yi ta ja-in-ja, ƙarshe Malam Garba ya ƙera masa nasa na baƙin ƙarfe, dogo, marar kaifi, ya naɗe ƙotar da jar fata da hannunsa. Daga nan aikina ya ƙaru, domin duk wanda ya kara da Isa sai ya dawo da takobi a lanƙwashe, bakinsa duk giɓi. Na Isan ma yakan samu rabonsa.

Akwai kuma matsalar ƙara. In ƙarfe ya haɗu da sanholo ba ka jin komai sai wani kwaf, kamar an buga murfin tukunya. Malam Bukar ya ce yaƙin da ba a jin amonsa ba yaƙi ba ne. Sai aka ba ni tsofaffin ruwan garma biyu, in tsaya a bayan zana ina leƙe ta wata kafa, duk sanda takubba suka haɗu in gwara su. A Tofa wata rana jama'a sun cika fili har da masu hawa bishiya, Isa ya kai abokin gaba ƙasa, mutumin ya mimmiƙe ya mutu mutuwa mai kyau, ni kuwa kallo ya ɗauke mini hankali, hannuna bai daina ba. Ƙarar takubba na tashi, babu mai faɗa. Fili ya kece da dariya. Isa bai ko murmusa ba. Ya juya ga jama'a, ya ɗora ƙafa a kan gawar, ya ce su shaida, a ƙasar nan ko mutum ya mutu takobinsa ba ya saduda. Aka yi ta tafi. Malam Bukar ya sa maganar a cikin wasan daga ranar, ni kuma aka ce in riƙa yin kuskuren da gangan.

Da fim ya shigo, kasuwa ta buɗe. Masu kyamara suka riƙa ɗaukar hayar takubban Malam Bukar, wasu suka yi odar nasu. A nan na koyi cewa idon kyamara ba irin na mutum ba ne. Abin da ɗan kallo ba zai gani daga nesa ba, ɗinkin da ya karkace ko ƙusar zamani a jikin ƙotar da aka ce ta zamanin da ce, kyamara sai ta tona. In kuma ka goge takobi ya yi ƙyalli sosai, sai ya haske musu hoto, su dawo da shi su ce a dusashe. Nakan shafa masa busasshen sabulu, hasken ya kwanta. A cikin waɗannan shekaru Malam Garba ya rasu, Allah ya jiƙansa. Mahaifina ma ƙarfinsa ya ƙare, sai na tattara magagarai da awartaki da basilla na dawo gida, na kafa rumfar nan, ina noma ina aiki. Masu takubba suka biyo ni. Direbobin motar Kano har sun saba, a miƙa musu ƙunshi a tasha a ce na Habu ne, su sauke a bakin hanya wurin mai shayi.

Sai mummunar shekara ta zo. Manyanku za su tuna lokacin da hankali ya tashi, aka cika hanyoyi da shingayen bincike, kowa ya sauka daga mota ya ɗaga hannu a duba kayansa. A lokacin takubban Malam Bukar duka suna wurina, an kawo su gyaran bayan kaka kamar yadda aka saba. Na gama aikin, na kai ƙunshin bakin hanya, direban da ya yi shekara da shekaru yana ɗaukar mini kaya ya ce in rufa masa asiri, yana da iyali. Na biyu ma haka. Ban ga laifinsu ba. Wa zai tsaya yi wa mai bindiga bayanin sanholo? Na dawo da su na jingine a lungun ɗaki.

Aiki ya tsaya cak. Masu fim suka bar labaran yaƙi suka koma na soyayya a cikin falo. Masu hoto suka ɓoye nasu. Na sha jin labarin mutanen da suka sauke takubban iyayensu daga bango suka jefa a tsohuwar rijiya don tsoro, abubuwa masu kyau da ba za a sake yin irinsu ba. Na koma ƙirar fartanya, ga hannun ya riga ya saba da aiki mai laushi, manoma suna cewa fartanyata kyau ne da ita amma ba ta cin ƙasa.

Ban san wanda ya fara ba. Wataƙila wata ce ta shigo ɗibar wuta ta hango ƙunshin, wataƙila wani ne ya ga na dawo da shi daga bakin hanya. Magana dai ta bazu cewa Habu yana tara makamai a ɗaki, kuma baƙi na zuwa wurinsa daga birni. Masu zama a rumfata suka ragu. A masallaci ana gaisawa, amma a tsaitsaye. A lokacin an riga an yi maganar auren babbar 'yata, Hadiza, da wani yaron kirki na ƙauyen da ke arewa da mu, ita da shi suna son juna, har an tsayar da ranar kawo kaya. Sai iyayensa suka aiko cewa a ɗan dakata tukuna, ba su faɗi dalili ba, ni ma ban tambaya ba.

Labari ya kai birni. Malam Bukar ya zo shi da Isa Dogo, hannu rabbana, suka zauna a kan tabarma a nan inda kuke. Malam Bukar ya ce ya ji abin da kayansa suka jawo mini, kuma ba zai yarda a ɓata auren yarinya saboda wasa ba.

"Ka sare su, Habu. Na sanholon ka zuba ludaya, na ƙarfen ka yi lauje. Ka yi a waje kowa ya gani."

Isa ya tashi ya shiga ɗaki, ya ɗauko nasa, ya zare ya duba, ya mayar a kube ya ajiye, ya fita ya tsaya a bakin gona ya ba mu baya. Na ce wa Malam Bukar in na sare su, masu magana za su ce na ɓatar da shaida ne. Na roƙe shi ya bari in gwada wata hanya, in ba ta yi ba, guduma tana nan.

Washegari na je wurin dagaci, na faɗa masa komai, na ce ina so a duba kayan a gaban jama'a. Dattijo ne mai natsuwa. Ya ce in kawo ranar kasuwa, shi kuma zai gayyato jami'in tsaron da ke kula da yankinmu don kada a ce an yi a ɓoye. Ranar na ɗora ƙunshin a kan jaki na kai, na shimfiɗa su a kan tabarma a gaban rumfar mahauta. Kasuwa ta watse ta dawo kanmu. Dagaci ya kira Sarkin Fawa, ya ce ya zaɓi wanda ya ga dama ya sara masa cinyar saniya. Sarkin Fawa ya zaɓi wanda ya fi ƙyalli, ya gyara tsayuwa, ya ɗaga ya sauke da ƙarfinsa. Takobi ya lanƙwashe kamar lauje, nama ko gezau. Ya ɗauki na Isa, ya ji nauyi, ya ce to wannan ne na gaske. Ya sara, ƙarfen ya yi tsalle ya dawo, sai ɗan kwarmi a jikin naman. Ya goga bakin a tafin hannunsa, ya dubi dagaci.

"Ranka ya daɗe, wannan ko tuwon jiya ba zai yanka ba."

Har jami'in sai da ya yi dariya. Ya ɗauki kowanne ya duba, ya yi mini tambayoyi, na amsa. Aka yanke cewa in ajiye su, amma kada in rataye a fili, kada kuma in hau hanya da su sai ƙura ta lafa. Kafin wata ya ƙare iyayen yaron suka kawo kaya, aka ɗaura auren Hadiza bayan sallah.

Ajiya mai tsawo ita ma aiki ce. Na narka kakin zuma na shafe kowane ruwa da kowace ƙota, na raba takubba da kubensu domin fata na jan danshi, na naɗe su a tsofaffin zannuwa, na cusa cikin rumbu tsakanin dammunan gero, inda ya fi ko'ina bushewa a gidan manomi. Duk shekara in gero ya yi ƙasa sai in fito da su in duba, in an zuba sabo in mayar. Malam Bukar bai sake ganinsu ba. Ciwo ya kama shi, ya rasu kafin hanyoyi su buɗe, ƙungiya ta watse, kowa ya kama gabansa. Isa ne kaɗai yakan biyo in ya zo sayen itace a yankinmu. Ba ya cewa a fito da su. Sai mu gaisa, ya sha ruwa, ya nuna rumbu da haɓa ya ce suna nan? In ce suna nan. Daga baya shi ma ya ɗauke ƙafa, na ji an ce ya faɗi a wurin aiki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye.

Shekaru sun ja kafin wata mota ta tsaya a bakin rumfar nan, wata mata ta fito ta durƙusa ta gaishe ni da sunana. Ta ce ita ce Falmata, 'yar Malam Bukar. Na san ta tana ƙarama tana wasa da ƙyallaye a ƙarƙashin keken mahaifinta. Yanzu Hajiya ce, tana sayar da atamfofi a Rijiyar Zaki. Ta ce tana bin kayan ƙungiyar mahaifinta tana tarawa, ta samo wasu riguna da hotuna, an kuma ce mata takubban suna wurina. Na shiga rumbu na fito da su.

Aikin ya ci mini rani guda. Kakin ya yi rawaya ya ƙanƙame, sai da ruwan ɗumi da tsinken kara a hankali. Ɓera ya ci gefen kube ɗaya, na nemo fatar akuya mai kauri irin na da, na rina ta har ta yi kusa da tsohuwar, domin sabuwar fata a jikin tsohon kube tana ihu. Wanda Sarkin Fawa ya lanƙwasa shi ya fi wuya. Sanholo ba ya yin ja a wuta balle ka san ya yi zafi, yana nan fari har ya narke ya zube. Dabarar ita ce ka shafa masa sabulu ka ɗora a kan garwashi marar ƙarfi, in sabulun ya yi baƙi ka sauke, ka bari ya huce, sannan ka miƙar da shi a kan kututture da guntun taɓarya, ba guduma ba. Hajiya Falmata ta zo duba aiki ta tarar na ɗauki magagari zan share giɓin da ke bakunansu, kamar yadda na saba yi duk bayan wasa. Ta tsayar da ni.

"Baba Habu, sabo ai yana kasuwa. Giɓin nan nake so."

Na ajiye magagari. Tun ina yaro aikina share tabo ne, sai da na tsufa aka koya mini barinsa. Masu tara irin waɗannan kaya haka suke, sun fi son abu yadda mai shi ya bar shi, ko ƙusa ka sauya sai sun tambaya.

Ranar da na kai mata, mun jera su a bangon falonta, na Isa a tsakiya don ya fi tsawo. Ashe ta aika a ɗauko Isan. Babban ɗansa ne ya kawo shi a a-daidaita-sahu, ya riƙo shi har kujera. Dogon nan ya ranƙwafa, baki ya ɗan karkace, hannun dama yana kwance a cinya kamar ba nasa ba. Ɗan ya ce a asibiti an ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa don hannun ya farfaɗo, amma ya ƙi, yakan jefa wa jikoki ya ce shi ba yaro ba ne. Isa ya daɗe yana kallon bango, sannan ya ce a sauko masa da nasa. Na zare na sa masa ƙotar a tafin dama. Yatsun suka motsa, suka kasa rufewa, takobi ya zame ya faɗi a kan darduma. Isa ya ce wa ɗansa su tafi.

Bayan sun fita Hajiya Falmata ta tambaye ni ko akwai dabara. Na ce akwai, a ɗinka madaurin fata a jikin ƙota wanda hannu zai shiga ya zauna ko yatsu ba su kama ba. Amma na gaya mata gaskiya, sai na huda jar fatar nan da Malam Garba ya naɗa da hannunsa, kuma huda ba ta komawa. A wurin masu tara kaya an ɓata shi ke nan, ga bangonta zai zauna da giɓi a tsakiya. Ta dubi bangon, ta ce in ɗauki takobin in tafi da shi.

Na je gidan Isa na auna hannun da zare. Na zaɓi fatar akuya mai laushi, na ninka ta biyu don kada ta ci masa baya, na huda da ƙaramar basilla, na ɗinke da zare mai kaki. Da na kai masa, yana zaune a zaure. Na zura hannun a madauri, na ja ya zauna. Ya yunƙura, tsinin ya tashi daga ƙasa kamar taƙi ɗaya, ya koma. Ya sake, ya koma. Ya dubi tsawon ruwan da ido ɗaya, cikin maganarsa da ta zama a hankali ya ce har yanzu ban iya miƙar da ƙarfe ba. Na ce Yaya Isa, wanda ya lanƙwasa ai shi ya san inda ya karkace.

Daga nan sai saƙo ya riƙa zuwa mini ta bakin ɗansa. Wai kullum bayan ya karya kumallo sai ya sa a ɗaura masa, ya zauna a tsakar gida yana ɗagawa yana saukewa, jikoki na kewaye da shi yana ba su labarin yaƙe-yaƙen da bai taɓa yi ba. Bayan damina aka kawo mini takobin, gumi ya cinye madaurin har ya tsinke. Na ɗinka wani. Shi ma bai shekara ba.

A kakar bana, ina zaune ina gyaran wani kube, sai na ga motar Kano ta tsaya, dogon mutum ya sauko da sanda a hannun hagu, da abu a naɗe cikin zane a hammata. Shi kaɗai ya zo. Ya ɗauki lokaci kafin ya iso rumfa, yana jan ƙafa, ban tashi na tare shi ba don na san halinsa. Ya zauna, muka gaisa, ya kwance zanen. Na ɗauka madaurin ne ya sake tsinkewa, na jawo fata. Ya ce ba wannan ya kawo shi ba.

"Cire mini dabaibayin nan, Habu. Ni ba jaki ba ne."

Na miƙa hannu zan karɓa in ɗora a kan kututture, ya hana. Ya kama ƙotar da hannun dama, a wajen madaurin, yatsun suka rufe ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga takobin ya miƙo mini shi a kwance cikin iska, ya ce in yanke a haka. Na ɗauki 'yar wuƙata na shiga tsinke ɗinkin. Ban yi sauri ba, shi ma bai ce in yi ba. Tsinin yana rawa, gumi na bin wuyansa, amma bai taɓa ƙasa ba har na zare zaren ƙarshe, madaurin ya faɗo a cinyata.

Sannan ya sauke shi a hankali, ya mayar a kube da kansa, ya ce in ba shi ruwa, ya tambaye ni yadda gero ya yi bana.